Jagorar Ɗora Linux Mint a Kwamfuta da Saka Mata Manhajoji ta Hanyar da ta Dace

A ƙarshen damina ne 'yar ƙanwata, wadda take ajin ƙarshe a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta yi sallama a gidana da ke Fadamar Mada da kwamfuta a jakar goyo, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kawu, babi uku na rubuta na aikin kammala karatu, na kai filashin wani shago a buga mini, da na dawo na buɗe sai na ga babu komai a ciki sai wasu alamomi masu 'yar kibiya a gefe." Na ce ta zauna ta sha ruwa tukuna. Na karɓi filashin na soka a jikin kwamfutata, wadda shekara da shekaru Linux ke kanta, sai ga fayilolinta duka suna nan, domin irin wannan bairos ɓoye su yake yi ga idon Windows, ba ya share su, kuma ba shi da ikon motsi a kan Linux. Da na duba tata kwamfutar, HP ce ta hannu mai RAM gigabait 4, na iske duk abin da ke cikinta, tun daga Windows har Office da ita kanta manhajar kashe bairos, na sata ne da aka fasa wa makulli aka kwafo daga filashin mai gyara. Washegari muka ɗora mata Linux Mint, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke yin aikin da Windows ke yi. Matakan da muka bi su ne zan shimfiɗa a nan, kuma abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, a wannan tsari ba a yawon neman manhaja daga hannu zuwa hannu, akwai rumbun da ake ɗebo ta.

Linux asalinsa sunan zuciyar tsarin ne, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, ya kuma sake ta a buɗe, ta yadda kowa zai iya karanta yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu ba tare da ya karya doka ba. Debian, wani cikakken tsari da aka gina a kan wannan zuciya, ta fito a 1993, kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya gina Ubuntu a kanta a 2004, sannan Clément Lefebvre ya gina Linux Mint a kan Ubuntu daga 2006. Sanin wannan salsala yana da amfani na zahiri, domin Mint 22 da ya fito a watan Yulin 2024 a kan Ubuntu 24.04 yake zaune, saboda haka yawancin bayanin da ka samu na Ubuntu 24.04 zai yi maka aiki, kuma za a ci gaba da aiko masa gyare-gyaren tsaro har 2029. Windows 10 kuwa kamfanin Microsoft ya tsayar da tallafinta na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa, abin da akasarin kwamfutocin hannu da ke hannun ɗalibanmu a Yelwa da Gubi da Gwallameji ba su da shi. Lafiyarsu ƙalau, tsarin ne ya juya musu baya.

Wajibi ne in faɗi iyakar abin tun da wuri. Wanda cinsa da shansa ya rataya a kan CorelDRAW ko AutoCAD ko Photoshop, kamar masu zanen katin biki da kalanda, kada ya goge Windows, domin waɗannan ba su da zubin Linux. Irin wannan mutum ya ajiye tsarin biyu a kwamfuta ɗaya, ya riƙa zaɓar wanda zai shiga duk lokacin da ya kunna ta.

Shiri kafin a taɓa komai

Mint yana neman RAM gigabait 2 a ƙalla, amma 4 ne ke ba da natsuwa, da fili gigabait 20 a faifan ajiya, ko da yake masu shi sun fi son a ba shi 100. Tun daga Mint 20 sai kwamfuta mai bit 64 yake hawa. Yana zuwa da fuska iri uku, Cinnamon da MATE da Xfce. Idan RAM ɗinka 4 ne ko sama da haka ka ɗauki Cinnamon, wadda ta fi kama da Windows a ido, idan kuma 2 ne ka ɗauki Xfce, wadda ba ta da nauyi.

Kafin komai ka kwashe takardunka da hotunanka da karatuttukan da ka tara zuwa wani faifai na waje, sannan ka cire faifan ka soka shi a wata kwamfutar ka buɗe fayiloli uku ko huɗu ka tabbata suna buɗuwa. Na sha ganin wanda ya ce ya kwashe, ashe filashin jabu ne, an rubuta 64 a jikinsa alhali cikinsa bai kai 8 ba, fayilolin suna nan da suna amma babu komai a cikinsu. Idan za ka bar Windows a gefe, ka shiga Control Panel, sashen Power Options, ka cire alamar da ke kan Fast Startup, domin muddin tana nan Windows ba ta sakin faifan gaba ɗaya idan an kashe ta. Idan an kulle faifan da BitLocker, wato makullin sirri na Windows, ka rubuta lambobin ceto a takarda ka dakatar da shi kafin ka ci gaba.

Fayil ɗin Mint, wanda ake kira ISO, ya kusa gigabait 3, kuma daga shafin linuxmint.com kaɗai za ka sauke shi. Wanda netiwok ɗin unguwarsu ke yankewa ya yi amfani da hanyar torrent da ke shafin, domin ita tana ci gaba daga inda ta tsaya, tana kuma tantance kowane guntu da ta sauke. Datar dare ta fi dacewa da wannan aiki. Idan ta burauza ka sauke, ko wani ne ya kwafa maka, ka buɗe Command Prompt a cikin jakar da fayil ɗin yake ka rubuta `certutil -hashfile`, sai sunan fayil ɗin, sai `SHA256`. Zai fito da jerin haruffa da lambobi 64, waɗanda za ka gwada da na cikin fayil ɗin sha256sum.txt da ke shafin Mint. Ko harafi ɗaya ne ya saɓa, fayil ɗin ya lalace ko an taɓa shi, kuma minti biyun da ka ɓata a nan sun fi yinin da za ka ɓata kana neman dalilin da aikin ya tsaya a tsakiya.

Daga nan sai filashi mai gigabait 8. Rufus da balenaEtcher duk suna rubuta ISO a kai, duk kuma suna share abin da ke cikinsa. Ni na fi son Ventoy, domin sau ɗaya ake shirya filashin da shi, daga nan kwafa ISO kawai ake yi a ciki kamar kowane fayil, sauran filin kuma ya ci gaba da zama naka.

Gwaji, sannan girkawa

Ka cika batir, idan kuma batirin ya mutu kada ka fara sai kana da janareta ko sola da ka amince da ita. Ka soka filashin, ka kunna kwamfutar kana danna maɓallin zaɓen abin da za ta tashi da shi, wato F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, Esc a yawancin ƙananan kwamfutocin Asus. Ka zaɓi filashin. Mint zai buɗe daga cikinsa ba tare da ya taɓa faifanka ba, kuma a nan ne ake gwaji, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka haɗa Wi-Fi, ka kunna sauti, ka ƙara haske ka rage, ka gwada kyamara da kowane harafi na kibod. Idan Wi-Fi bai bayyana ba, galibi guntun Wi-Fi ɗin na kamfanin Broadcom ne, kuma yana da magani bayan an gama. Kafin nan ka haɗa wayarka ta Android da igiyar caji ka kunna USB tethering, Mint zai karɓi intanet ɗin nan take.

Ka danna Install Linux Mint sau biyu. Zai tambayi harshe da tsarin kibod, ka bar Turancin Amurka idan shi ne a jikin maɓallanka. Zai tambaya ko a saka abubuwan kunna sauti da bidiyo, ka amsa da e. Idan Secure Boot, wato tsaron da ke tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi, yana kunne, zai nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri ta wucin gadi, kuma bayan kwamfutar ta sake tashi za ka ga shuɗin allo wanda ke tsorata mutane da yawa. Babu abin tsoro a cikinsa, ka zaɓi Enroll MOK, ka ci gaba, ka amince, ka rubuta waccan kalmar.

Allon da ke biye shi ne wurin da ake tsayawa a karanta a hankali, tun ran gini ran zane. Zaɓi na farko yana ajiye Mint a gefen Windows, ya ba ka wani layi da za ka ja don raba filin faifan tsakaninsu. Na biyu yana goge faifan kakaf, har da kason da mutane ke kira D, inda da yawa suke ajiye kayansu suna zaton wani faifai ne daban, alhali yanki ne na faifai ɗaya. Na uku na masu son yanka faifan da hannunsu ne, sabon shiga ya bar shi. Idan mai girkawar bai ga faifanka ba sam, mai yiwuwa an saita shi a kan Intel RST a cikin BIOS, wato saitin cikin na'urar da ake shiga kafin tsarin ya tashi, kuma mayar da shi AHCI kai tsaye yana iya hana Windows tashi, don haka mai son riƙe Windows ya nemi wanda ya san hanyar kafin ya taɓa. A taswirar lokaci ka zaɓi Legas. Ka rubuta sunanka da kalmar sirri da ba za ka manta ba, domin ita za a riƙa tambayarka duk lokacin da za ka saka manhaja. Idan ya gama zai ce ka cire filashin ka danna Enter.

Ranar farko

Abu na farko shi ne Timeshift, manhajar da ke ɗaukar hoton tsarin yadda yake, ta yadda idan wani abu ya ɓaci gobe za ka koma jiya. Ka zaɓi RSYNC, ka ɗauki hoto ɗaya yanzu, kuma idan faifanka ƙarami ne kada ka bar ta ta tara fiye da biyu ko uku. Ka sani cewa tsarin take karewa, ba ta ɗaukar takardunka, waɗannan kai ne za ka riƙa kwashe su. Sai Update Manager, mai alamar garkuwa a ƙasan allo ta dama. Sabuntawar farko takan ci ɗaruruwan megabait, a shirya mata data. Idan ya ba ka shawarar sauya madubi, wato ma'ajiyar intanet da kake saukewa daga gare ta, ka bari ya auna gudunsu ka ɗauki wanda ya fi sauri. Bayan haka ka buɗe Driver Manager, wanda zai nuna maka direbobi, wato manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki, na Broadcom ko NVIDIA idan kwamfutarka na bukata, kuma idan babu intanet yana iya ɗauko na Wi-Fi daga filashin da ka yi girkawa da shi. A ƙarshe ka buɗe Firewall Configuration, katangar da ke tare kutse daga intanet, ka kunna shi.

Rumbun manhajoji

Wanda ya saba da Windows, idan yana son manhaja, intanet yake shiga ya rubuta sunanta, ya faɗa shafi mai maɓallan saukewa guda biyar wanda huɗu daga ciki talla ne, ko kuma ya tafi wajen mai gyara a zuba masa. A Mint akwai rumbu, wato ma'ajiyar dubban manhajoji da masu kula da Ubuntu da Mint suka tattara, suka gwada su da wannan zubi na tsarin, suka sa wa jerinsu hatimin sirri. Duk lokacin da kwamfutarka ta sauke wani abu daga can sai ta duba hatimin, idan bai dace ba ta ƙi karɓa. Kowace manhaja tana zuwa a matsayin kunshi, kuma kunshin yana ɗauke da sunayen sauran kunshin da ba ya aiki sai da su, shi ya sa za ka nemi abu ɗaya a ce maka za a sauke goma sha biyu. Wannan ba kuskure ba ne, kuma idan wata manhajar ta zo tana bukatar waɗannan abokan tafiya ba za a sake sauke su ba. Babbar fa'idar ita ce Update Manager ɗaya ne ke sabunta komai, tsarin da burauza da manhajar rubutu, a zama ɗaya.

Ƙofar rumbun mafi sauƙi ita ce Software Manager. Ka buɗe ta, ka rubuta VLC a wurin bincike, ka danna sunan, ka danna Install, ka ba da kalmar sirri. Shi ke nan, za ka same ta a cikin menu. Firefox da LibreOffice sun riga sun zo tare da tsarin. Mai gyaran hoto ya nemi GIMP, mai zane ya nemi Inkscape, wadda take iya buɗe wasu fayilolin CorelDRAW ko da yake ba kullum suke fitowa daidai ba, mai gyaran sautin wa'azi ko karatu ya nemi Audacity, mai haɗa bidiyo ya nemi Kdenlive. Ɗalibin da aka ce ya yi lissafin bincikensa da SPSS ya gwada PSPP, wadda ke buɗe fayilolin SPSS tana kuma yin gwaje-gwajen da aka fi nema a matakin digiri na farko, amma ya fara jin ra'ayin malamin da ke duba aikinsa.

Akwai wani abu a cikin Software Manager da ya shafi aljihunmu kai tsaye. Manhaja ɗaya takan bayyana da zubi biyu, na System Package da na Flatpak. Na farko daga rumbun tsarin yake, ƙarami ne, amma wani lokaci ya ɗan tsufa. Na biyu daga wani rumbu daban mai suna Flathub yake, galibi shi ne sabon fitowa, amma yana zuwa da nasa kayan aikin daban, ta yadda manhajar da ba ta kai megabait 50 ba za ta iya jawo ɗaruruwan megabait a karon farko. Girman abin da za a sauke yana rubuce a shafin kowace manhaja, a karanta shi kafin a danna. Shawarata ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa ita ce ya fifita System Package, ya koma Flatpak sai idan abin da yake nema babu shi a rumbu ko kuma tsohon zubin ya kasa yi masa aiki. Shi kuma Snap, wani zubin manhaja na uku wanda za ka riƙa gani a bayanan Ubuntu, Mint ya toshe shi tun daga zubi na 20, kuma ban ga dalilin da zai sa sabon shiga ya buɗe shi ba.

Ƙofa ta biyu ita ce Terminal, baƙin allon da ake rubuta umarni, wanda Ctrl da Alt da T ke buɗewa. Rumbu ɗaya suke ɗiba da Software Manager, bambancin kawai shi ne a nan kana ganin duk abin da ke faruwa. Umarnin farko shi ne:

`sudo apt update`

Wannan ba ya saka komai, jerin abin da ke rumbu yake sabuntawa. Kalmar sudo tana nufin ka ari ikon mai gida na ɗan lokaci, shi ya sa ake tambayar kalmar sirri. Da 'yar ƙanwata ta zo nan ta ɗago kai ta ce, "Kawu, kibod ɗin ya daina aiki." Na ce, "Yana aiki, 'yata, rubuta ki danna Enter." Terminal ba ya nuna haruffan kalmar sirri idan ana rubuta ta, a Mint 'yan taurari (*) kawai yake nunawa a madadinsu, don kada na kusa da kai ya karanta ta. Daga nan:

`sudo apt install vlc gimp audacity`

Zai lissafa kunshin da zai sauke da girmansu, ya jira amincewarka. Umarnin `apt search` da kalma a gabansa yana bincike, `apt show` da sunan kunshi yana ba da bayaninsa. Cirewa kuwa `sudo apt remove` ne da sunan manhajar, sannan `sudo apt autoremove` ya share abokan tafiyar da babu mai bukatarsu kuma. Duk lokacin da za a cire wani abu ka karanta jerin da aka nuna maka, idan ka ga sunan cinnamon ko wani dogon jeri da ba ka gane ba, ka ƙi amincewa. Terminal yana bambanta babban harafi da ƙarami, kuma ana liƙa rubutu a cikinsa da Ctrl da Shift da V.

Wasu manhajojin ba sa cikin rumbu. Google Chrome da Zoom suna ba da fayil mai ƙarewa da .deb a shafukansu na asali, ka ɗauki na Ubuntu mai bit 64, ka danna shi sau biyu mai girkawa ya buɗe, ko ka shiga jakar ta Terminal ka rubuta `sudo apt install ./` haɗe da sunan fayil ɗin. Chrome yana ƙara nasa rumbun a tsarin, don haka zai riƙa sabuntuwa tare da sauran. Akwai kuma AppImage, fayil guda da ba a girka shi, ana danna shi da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a ba shi izinin aiki, sannan a buɗe. Idan ya ƙi tashi, yawanci kunshin libfuse2t64 ne babu. WhatsApp ba shi da manhajar Linux ta kamfaninsa, ta burauza ake shigarsa.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya yi taka-tsantsan. Fayil ɗin .deb yana samun cikakken iko a kan kwamfutarka yayin girka shi, saboda haka wanda aka turo maka a zauren WhatsApp ko ka tsinta a wani shafi da ba na masu manhajar ba, haɗarinsa ɗaya ne da na fasassun manhajojin da muka gudo daga gare su. Haka kuma kada ka kwafi umarnin da ya fara da sudo daga intanet ka liƙa ba tare da ka san abin da yake yi ba, musamman mai ɗauke da `rm -rf`, wanda ke sharewa ba tambaya ba dawowa. Rumbunan ɗaiɗaikun mutane da ake kira PPA su ma amana ce kake ba wanda ba ka sani ba, kuma cakuɗa rumbun Debian da na Mint yana rikita tsarin ta yadda gyaransa ya fi sake girkawa wuya.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki

Wannan zai faru da kowa a garin nan ko ba daɗe ko ba jima. Idan ana saukewa ne aka yanke, babu abin da ya ɓaci, ka maimaita umarnin. Idan ana cikin girkawa ne kwamfutar ta mutu, ka kunna ta ka rubuta waɗannan biyun bi da bi:

`sudo dpkg --configure -a`

`sudo apt --fix-broken install`

Na farko yana ƙarasa kunshin da aka bari rabi da rabi, na biyu yana cike abin da ya rage. Idan kuma ka ga saƙon da ke cewa an kasa samun lock, ma'anarsa wata manhajar, galibi Update Manager, tana cikin rumbun a lokacin, kuma mutum biyu ba sa shiga tare. Ka jira ta gama. Kada ka bi shawarar masu cewa a goge fayil ɗin makullin.

Rubutun Hausa, takardun makaranta da firinta

Malamai da yawa suna sharɗanta Times New Roman, kuma ana samunsa da `sudo apt install ttf-mscorefonts-installer`. Takardar yarjejeniya za ta bayyana a cikin Terminal, linzami ba ya aiki a kanta, maɓallin Tab ake dannawa a kai ga Ok sannan Enter. Kunshin fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea suna kawo haruffan da faɗinsu ya yi daidai da Calibri da Cambria, don kada shafukan takardar da aka turo maka daga Word su zame. LibreOffice yana ajiya da zubin odt, amma a cikin Tools, Options, sashen Load/Save, za ka iya mayar da shi docx na dindindin. Duk takardar da za ka kai shago a buga, ka fitar da ita PDF tukuna, ta haka yadda ka tsara ta haka za ta fito.

Haruffanmu masu lanƙwasa suna da lambobinsu: ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, manyansu kuma Ƙ 0198, Ɗ 018A, Ɓ 0181. A LibreOffice ka rubuta lambar ka danna Alt da X, ta rikiɗe ta zama harafin. A yawancin sauran manhajoji ka danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lambar, ka danna Enter. Mai rubutu da yawa ba zai jure wannan ba, don haka ya shiga saitin Keyboard, sashen Layouts, ya ƙara tsarin Hausa na Najeriya, ya duba hoton kibod ɗin ya ga inda kowane harafi ya zauna. A nan kuma ake ƙara kibod ɗin Larabci. Idan ka ga ƙ ko ɗ ta fita daban da sauran haruffan layin, zubin haruffan da kake amfani da shi ne ba shi da ita aka aro daga wani, ka koma Charis SIL ko Noto Serif. Masu rubutun ajami su nemi Harmattan da Alkalami, waɗanda ƙungiyar SIL ta zana, na biyun ma a kan salon rubutun hannu na ƙasar Kano aka yi shi.

Yawancin firintocin zamani Mint yana gane su da zarar an soka igiya. Tsofaffin HP LaserJet irin 1020 da P1102, waɗanda suka cika shagunan buga takardu, suna bukatar ƙarin wani guntu daga kamfanin, wanda ake saukewa da umarnin `hp-plugin -i` bayan an tabbata kunshin hplip yana nan.

Wanda zai saka manhajoji iri ɗaya a kwamfutoci da yawa, kamar mai makarantar koyon kwamfuta ko ɗaliban ɗaki ɗaya, ba sai kowa ya ƙona datarsa ba. A sabuwar kwamfuta ta farko a rubuta `sudo apt-get install --download-only` da sunayen manhajojin, kunshin za su taru a /var/cache/apt/archives, a kwafe fayilolin .deb ɗin a filashi, a kai su jaka ɗaya a kwamfuta ta biyu, a shiga jakar ta Terminal a rubuta `sudo apt install ./*.deb`. Sharaɗin shi ne zubin Mint ɗin ya zama ɗaya a dukkansu, kuma wanda ya sauke ya zama mutumin da ka yarda da shi, domin a wannan hanya amanarsa ce ta maye gurbin hatimin rumbu.

Saura abu ɗaya ga masu tsarin biyu. Bayan kwana biyu 'yar ƙanwata ta kira ni ta ce duk lokacin da ta fita daga Mint ta shiga Windows sai ta ga agogo ya koma baya da awa ɗaya, har ta kusa makara zuwa ganin malaminta a Gubi. Dalilin shi ne Linux yana ajiye agogon cikin na'ura a kan lokacin duniya na UTC, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuwa a Najeriya muna gaban UTC da awa ɗaya. Na karanta mata umarnin ta waya harafi bayan harafi, `timedatectl set-local-rtc 1`, ta rubuta a Terminal, ya nuna mata gargaɗin cewa wannan saiti yana iya kawo ruɗani a ƙasashen da ke sauya agogo da sauyin yanayi, na ce ta wuce shi tunda mu ba ma sauyawa, sannan ta shiga Windows ta gyara lokacin sau ɗaya.